Gishirin Wanka Mai Ƙamshi a Kayan Rabon Biki: Nazarin Abin da Ya Faru a Wani Gida a Kano

A wani gida da ke cikin birnin Kano an sa ranar auren autarsu a ƙarshen watan Agusta, sai aka ɗora wa yayar amarya nauyin kayan rabo, wato ƙananan kyaututtukan da ake miƙa wa mata ranar kamu da ranar walima. Ba ta so a maimaita abin da kowa ya saba gani, robobi da kofuna da mafitai da littattafan rubutu masu ɗauke da sunan ango da amarya, waɗanda yawancinsu sukan ƙare a bayan kabad. Tun da ta taɓa koyon haɗa sabulun ruwa da man shafawa a wata cibiyar koyon sana'a, ta yanke shawarar ta haɗa gishirin wanka mai ƙamshi da hannunta, ta zuba a ƙananan kwalabe guda 300, kowace mai ɗaukar giram 100. Shawarar ta yi wa amarya daɗi, uwar amarya kuma ta sa albarka, da sharaɗin kada a yi abin da zai jawo wa gidan magana a cikin dangi.

Kafin a fahimci matsalolin da suka biyo baya, ya kamata a san daga ina wannan abu ya fito. Ginshiƙinsa shi ne gishirin Epsom, wanda ya samo sunansa daga garin Epsom da ke gundumar Surrey a Ingila, inda a ƙarni na 17 mutane suka riƙa tururuwa zuwa wata maɓuɓɓuga mai ɗacin ruwa suna neman lafiya, kuma a 1695 likita Nehemiah Grew ya wallafa bayanin gishirin da ake samu idan aka ƙafar da wannan ruwan. Ba gishirin miya ba ne, sinadarin maganiziyom ne haɗe da salfet, yana da ɗaci, kuma kusan rabin nauyinsa ruwa ne da ke ɗaure a cikin ƙwayoyinsa. A ƙasashen da aka saba amfani da shi, mutum yakan cika bahon wanka na kwanciya, wanda yakan ci lita 150 ko fiye, ya zuba gishirin kamar kofi biyu, ya shiga ya kwanta na ɗan lokaci. Duk tsarin haɗin da ake yaɗawa a bidiyoyin intanet, da yawan turaren da ake faɗa, da irin kwalbar da ake nunawa, an gina su ne a kan wannan baho da kuma yanayin ƙasar da ba ta san daminar Agusta ba. Yayar amarya ta ɗauki tsarin kamar yadda ta gan shi, ba ta tsaya ta auna shi da gidajen da kyautar za ta shiga ba.

A haɗin farko ta sa gishirin Epsom, da gishirin girki mai manyan ƙwayoyi, da bekin soda, da ɗan sitirik asid, wato sinadarin tsamin lemo, domin ya yi tsatsafa idan ya shiga ruwa, da kalar abinci mai ruwan hoda. Wajen ƙamshi kuwa ta yi tunani mai kyau, domin ta ƙi turaren furen lafanda da bidiyon da ta kalla ya ambata, ta ce amaryar Hausa da humra aka san ta, saboda haka ta zuba humrar da aka aiko wa amarya daga Maiduguri. Ta cika kwalabe kaɗan na gwaji, ta ɗaure murfinsu tam, ta jera su a kwali a ƙuryar ɗaki. A ranar sun yi kyau matuƙa, har aka ɗauki hotonsu aka tura wa 'yan uwa.

Ba a cika mako ba abin ya fara lalacewa. Gishirin ya dunƙule ya zama curi guda wanda sai an sa cokali an fasa, a gindin wasu kwalaben wani ruwa mai kauri ya taru, kalar ta sauka ƙasa ta bar saman fari-fari, kuma da aka murɗa murfin ɗaya sai ya yi huci kamar an buɗe kwalbar lemo. Wannan hucin shi ne ya tsorata su, ya sa aka kira wani ɗan baffansu da ya karanci haɗa magunguna. Bayaninsa bai da wahala. Bekin soda da sitirik asid sukan zauna lafiya da juna muddin a bushe suke, amma da zarar laima ta shiga tsakaninsu sai su fara fitar da iskar kabon, irin wadda ke cikin lemon kwalba, kuma idan kwalbar gilashi ce aka toshe ta, iskar ba ta da mafita sai dai ta tura murfi ko ta fasa gilashin. Laimar kuwa ta zo ta hanyoyi da yawa a lokaci guda: humrar tana da ruwa-ruwa a cikinta, kalar abincin ita ma ruwa ce, gishirin Epsom yana ɗauke da nasa, sannan ga iskar damina. Gishirin girki yakan fara janyo ruwa daga iska idan laimarta ta kai kashi 75 cikin 100, kuma a Kano watan Agusta shi ne mafi yawan ruwan sama a shekara, wanda ya sa kowace uwargida ta san yadda gishirin kicin yake jiƙewa a wannan lokaci ko ba a taɓa shi ba. Ya ce mata: "Yaya, da kin cika 300 ɗin nan kin raba, da wata ta fashe a cikin jakar wata baiwar Allah ko a hannun yaro." Daga nan aka cire bekin soda da sitirik asid gaba ɗaya, aka kuma haƙura da gilashi.

Da matsalar ta tsaya a nan, da gyaran haɗi kawai za a yi. Amma gwaggon amarya, wadda ta zo daga Gumel domin hidimar biki, ta ɗauki kwalba ɗaya ta shinshina, ta yaba ƙamshin, sannan ta yi tambayar da ta sauya aikin baki ɗaya: "To 'yar nan, a bokiti ake zubawa, ko yaya ake yi da shi?" Babu wanda ya yi tunanin wannan a gidan. Cikin matan da za su halarci bikin, waɗanda suke da bahon kwanciya a banɗakinsu ba su taka kara sun karya ba, kuma ko masu shi ba kasafai suke samun ruwan da za su cika shi ba. Da bokiti da moɗa ake wanka, mutum ya watsa ruwa ya cuɗa sabulu ya ɗauraye, ruwan ya wuce rariya cikin 'yan mintoci. Abin da aka yi domin a jiƙa jiki a cikinsa ba shi da wurin zama a irin wannan wanka.

Aka gwada a bokiti domin a gani da ido. Sabulu ya ƙi kumfa, wani fari-farin datti ya taso a saman ruwan yana manne wa gefen bokitin, domin maganiziyom yakan haɗu da sabulu ya kashe kumfarsa, kamar dai yadda ruwan wasu rijiyoyi yake yi. Wadda ta watsa ruwan a jikinta ba tare da ta sake ɗauraya da wani ba ta ce fatarta ta bushe tana ɗan ƙaiƙayi. Sannan aka ga ɗigon mai yana yawo a saman ruwan, wanda shi ne abin da ɗan baffan ya fi ja musu kunne a kai. Mutane da yawa suna zaton gishiri yana narkar da man turare a cikin ruwa, alhali ba haka ba ne: gishirin yakan narke ya bar man yana iyo a sama da cikakken ƙarfinsa, kuma shi ne abu na farko da zai taɓa fata. Man kirfa da man kanumfari suna iya ƙona fata idan suka taɓa ta a haka, wasu daga cikin mayukan ɓawon lemon tsami kuma sukan sa fata ta ƙone idan rana ta doke ta bayan an shafa. A ƙasar da rana take kamar tamu wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Akwai kuma wani ɓangare da babu bidiyon da zai faɗa, wanda malamar Islamiyyar unguwar ta tayar da aka nuna mata. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce mafi yawan mutanen ƙasar Hausa suke bi, ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa ya jirkita da wani abu mai tsarki da aka zuba masa, irin su turare ko sabulu ko nono, yana nan da tsarkinsa kuma ana iya aikin yau da kullum da shi, amma ba a alwala ko wankan ibada da shi. Idan aka miƙa wa mata ɗaruruwa wani abu da aka rubuta "na wanka" a jikinsa, babu mamaki wata ta zuba a ruwan wankan tsarki da kyakkyawar niyyar ta ƙara ƙamshi, musamman sabbin amare da 'yan mata. A ganina wannan ita ce hujja mafi nauyi cikin duk waɗanda aka kawo, domin lalacewar haɗi ana ganinta da ido a jefar da kwalba, wannan kuskure kuwa mutum zai iya daɗewa yana yinsa bai sani ba, kuma alhakin bai tsallake wanda ya ba da kyautar bai yi bayani ba.

A nan ne yayar amarya ta nuna hankali. Maimakon ta watsar da aikin ko ta dage a kan abin da ta gani a waya, sai ta tambayi kanta wane irin jiƙo ne matanmu suke yi da ma tun asali, kuma amsar a fili take: jiƙa ƙafa. Duk macen da ta yi fama da kaushi da faso ta san a zuba ruwan ɗumi a roba, a tsoma ƙafa har fatar dunduniya ta yi laushi, a goge da dutse, a shafa man kaɗanya ko basilin. Duk wadda ta wuni a tsaye a gidan biki, daga gindin murhu zuwa tarbar baƙi, ta san daɗin wannan jiƙo da daddare. Robar da za ta ɗauki ƙafa biyu ba ta wuce lita 5 na ruwa, saboda haka giram 50 ya wadatar, ƙunshin giram 100 kuma zai yi jiƙo biyu, alhali a bahon kwanciya giram 100 ɗin nan ɓacewa zai yi ba a ji ko alamarsa ba. Ƙaramar kyautar da ta yi kaɗan ga baho ta zama daidai ga roba, sabulu bai shigo cikin lamarin ba, kuma babu mai rikita ruwan jiƙa ƙafa da ruwan alwala. Aka sauya sunan abin daga gishirin wanka zuwa gishirin jiƙa ƙafa.

Haɗi na biyu an yi shi da sikeli, ba da kofi ba. A kowane kilo 10 an sa kilo 6 na gishirin Epsom da kilo 4 na gishirin girki mai manyan ƙwayoyi, wanda aka fara shanya shi a faranti cikin oba da ƙaramar wuta har ya bushe ƙarau, aka bar shi ya huce a cikin roba mai murfi. Gishirin Epsom kuwa ba a kai shi kusa da wuta ba, domin zafi yakan sa ya saki ruwan jikinsa ya jiƙe ya manne. Gwaggo ta so a sa gishirin Bilma, wanda ayarin raƙuman Buzaye suka daɗe suna ɗaukowa daga Kawar a arewa maso gabashin Nijar suna ratsa Tenere da shi zuwa ƙasar Hausa, kantu domin dabbobi, beza domin abinci. An samo ɗan kaɗan an gwada don girmama maganarta, amma wanda aka samu ya bar laka a gindin roba, sai aka ajiye shi don miya.

Batun ƙamshi ne ya fi cin lokaci, domin a kansa ne darajar kyautar take. An ajiye humra saboda ruwan da ke cikinta, aka je wurin masu sayar da kayan haɗa sabulu a Sabon Gari aka nemi turaren mai wanda ba a sirka da ruwa ba, mai ƙamshin sandal da ɗan miski, domin ya yi kusa da ƙamshin da aka san amare da shi. Yayar amarya ta jaddada wa mai shagon cewa tana son irin wanda ake sa wa a man shafawa, ba wanda ake jiƙa itacen turaren wuta da shi ba, kuma wannan bambanci yana da muhimmanci, domin abin da aka yi don a ƙona a kasko ba lallai ne fata ta amince da shi ba. An tsayar da turaren a kashi 1 cikin 100 na nauyin gishirin, wato giram 100 a kowane kilo 10. Kafin a zuba, an gauraya shi da wani ruwa mai kauri launin zuma da ake kira polysorbate 80, giram 100 shi ma, wanda aikinsa shi ne ya riƙe mai ya watsa shi cikin ruwa. Da aka zuba cokali biyu na sabon haɗin a robar ruwan ɗumi, ruwan ya ɗan yi hazo-hazo, ƙamshin ya tashi a hankali tare da tururi, kuma ko da aka karkata robar wajen hasken taga ba a ga ɗigon mai ko ɗaya a samansa ba. Mata da dama na gidan, har da wata mai saurin borin fata, suka shafa ruwan a cikin dantsensu aka jira kwana biyu, babu wadda ta yi ƙorafi.

An daina maganar kala. Wata ƙawar amarya ta kawo shawarar a barbaɗa busasshen zoɓo don ya ba da ja, amma zoɓo yana rina duk abin da ya taɓa, daga tawul har farcen ƙafa, saboda haka aka bar gishirin da farinsa, aka mayar da ado kan mazubi. Kowane giram 100 an zuba shi a leda mai kauri aka liƙe bakinta da injin liƙe leda, sannan aka sa ledar a cikin 'yar jaka mai zariya da tela ya ɗinka da ƙyallayen da suka rage na atamfar anko. Wannan dabara ta rage kuɗi, ta kuma sa duk wadda ta ga jakar ta san na wane biki ne ba tare da an buga hoton kowa ba. An yi aikin zubawa ne a ranakun da gari ya washe, da tsakar rana, a ɗakin da aka rufe tagoginsa, kilo 10 a kowane zama har aka cika kilo 30, kuma ba a buɗe buhu an bar shi ya kwana a buɗe ba. Ƙananan ƙunshin nan masu tsotse laima da akan gani a kwalin sabon takalmi an sa su ne a cikin manyan robobin ajiya kawai, ba a cikin jakunkunan rabo ba, saboda gudun kada yaro ya tsinta ya kai baki.

Takardar da aka saka a kowace jaka ta jawo 'yar muhawara. Ƙawayen amarya sun so a rubuta cewa yana cire gajiya, yana fitar da dattin jiki, yana maganin ciwon gaɓoɓi, kamar yadda masu talla suke yi. Ɗan baffan ya ƙi, kuma yana da gaskiya. Maganar cewa maganiziyom yana ratsa fata ya shiga jiki da yawan da zai yi amfani ba ta da ƙwaƙƙwarar hujja, kuma wani bita da aka buga a mujallar Nutrients a 2017 ya nuna cewa binciken da ake da shi bai isa a tabbatar da hakan ba. Ruwan ɗumi da zama wuri ɗaya da ƙamshi mai daɗi su kaɗai sun isa su sa mutum ya ji sanyi a ransa, kuma ba abin kunya ba ne kyauta ta tsaya a iya nan. Abin da aka rubuta, da Hausa, shi ne yadda ake amfani da shi: rabin ƙunshi a robar ruwan ɗumi, a jiƙa ƙafa kamar minti 15, a ɗauraye, a shafa mai. Aka biyo da gargaɗi da manyan baƙaƙe cewa ba na ci ba ne, domin gishirin Epsom yana sa gudawa idan aka sha, kuma farin gishiri a leda yana iya yaudarar mai aikin kicin. Aka ƙara cewa ba a alwala ko wankan ibada da ruwansa, mai ciwo ko miki a ƙafa kada ta yi amfani da shi, mai ciwon suga kuma ta fara tambayar likita, tun da cutar takan rage jin zafi a ƙafa har ruwa ya ƙona mutum bai sani ba. Jimlar ƙarshe uwar amarya ce ta sa aka ƙara ta: wadda ta yi ƙunshi ta bari sai lallenta ya gama kwanakinsa, domin jiƙo da guga suna koɗar da shi, kuma kusan duk matan da za su karɓi kyautar da sabon lalle za su zo.

Saboda ba kowace tsohuwa ce ke karanta boko ba, ranar walima malamar da ta yi wa'azi ta ɗaga jaka ɗaya ta karanta takardar a lasifika kafin a fara rabo, ta kuma tsaya ta yi bayanin hukuncin ruwan da ya jirkita. An raba duka 300 tsakanin kamu da walima. Ƙorafin da ya dawo gidan iri biyu ne: wasu sun ce ƙamshin bai kai ƙarfin da suka so ba, wanda aka sani tun farko kuma aka zaɓe shi da gangan saboda lafiyar fata, sannan wasu ledoji kaɗan da liƙinsu bai kama sosai ba sun dunƙule kafin masu su su buɗe, ko da yake sun narke a ruwa kamar sauran.

Bayan biki mata suka fara kiran waya suna neman a yi musu na sayarwa, wata ma ta nemi 500 domin auren 'yarta a watan Janairu. Yayar amarya ta amsa za ta taimaka da na bikin, amma ta dakatar da maganar kai shi shaguna, domin kayan shafe-shafe suna cikin abubuwan da hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta ƙasa, NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, take sa wa ido, kuma duk abin da za a fitar kasuwa da suna da tambari sai an yi masa rajista. Game da na Janairu kuwa, ɗan baffan ya riga ya gaya mata cewa matsalar za ta juya ne: a busasshiyar iskar hunturu gishirin Epsom da aka bari a buɗe yakan rasa ruwan jikinsa, ƙwayoyinsa masu sheƙi su koma farin gari, turaren ma ya fi saurin gudu. Saboda haka ba za a sha wahalar busar da gishirin girki ba a wannan karo, amma za a riƙa liƙe kowace leda nan take bayan awo, kuma za a fara da gwajin kilo 1 a ajiye shi mako biyu kafin a sayi sauran kayan.